Rabin daƙiƙa da ya tona asirin masu kutse: Darasi ga masu Linux a Agadas

A Agadas, idan kwamfuta ta yi nauyi, akan ɗora laifin kan zafi, ƙura ko ɗaukewar wutar NIGELEC. Sau da yawa haka ɗin ne, amma ba kullum ba.

A watan Maris na 2024, Andres Freund, injiniya a kamfanin Microsoft, ya lura cewa shiga na'urarsa mai Debian ta hanyar SSH na ɗaukar ƙarin kusan rabin daƙiƙa. Bai kawar da kai ba. Da ya bi diddigi, sai ya gano an dasa ɓoyayyiyar ƙofa a manhajar XZ Utils, samfurin 5.6.0 da 5.6.1. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ne ya shafe kusan shekara biyu yana taya aikin manhajar har aka amince masa. Da ba a gano ba, da ƙofar ta bazu zuwa kwamfutoci a faɗin duniya.

Don haka mai kula da kwamfutocin makaranta, ofis ko shagon intanet a Agadas ya bincika kafin ya zargi yanayi. Umarnin top na nuna abin da ke cin ƙarfin na'ura, journalctl na nuna abin da ya faru kafin ta tsaya, last kuma na bayyana waɗanda suka shiga.

Sannan a hana shiga da sunan root ta SSH, a koma amfani da makulli maimakon kalmar sirri, a riƙa sabunta manhajoji. Bayanan ɗalibai da na abokan ciniki kuwa, a ajiye kwafinsu a wani faifai daban.