Murjani mai rai da fitilar da ke ciyar da shi

A Damagaram babu wanda bai san murjani ba. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, fatake ke kawo shi daga Tarabulus ta hanyar Gat da Agadas, su sauke kaya a unguwar Zango, daga nan ya shiga lefen amare. Amma kaɗan ne suka san cewa murjani ba dutse ba ne tun asali, ƙashin wasu ƙananan dabbobin teku ne masu zama jingim wuri guda.

Shi jan murjani na ado a Bahar Rum yake tsira, cikin koguna da wurare masu zurfi, ba ruwansa da rana. Akwai kuma wani iri mai gina tsaunuka a bakin teku mai ɗumi, kamar Bahar Maliya. Alhazan da suka zaga tsohon garin Jidda sun ga gidajen da aka gina da duwatsunsa. Wannan iri na biyu shi ne mutane a Turai da Amurka da Asiya ke kiwo cikin ɗan akwatin gilashi mai cin litar 40 zuwa 100 na ruwan gishiri, kuma babbar matsalarsu ita ce fitila.

Dalili kuwa shi ne, cikin jikin wannan dabba akwai wata gansakuka da ido ba ya gani. Ita ke karɓar haske ta sarrafa abinci, kamar yadda ganyen hatsi ke yi a gona, sa'an nan ta ba dabbar mafi yawan abin da take rayuwa da shi. Watau fitilar da ke bisa akwatin ba ta ado ba ce, akushin abinci ce. In haske ya yi kaɗan, murjani ya rame, ya koma ruwan ƙasa. In ya yi yawa farat ɗaya, sai dabbar ta kori gansakukar, ta yi fari fat, in ba a yi gaggawa ba ta mutu.

To wace fitila ta dace? A nan idon mutum yakan yaudare shi. Ruwan teku yana shanye jan haske tun a mitoci na farko, shuɗi ne ke kai wa ƙasa, kuma da shi gansakukar ta saba. Ana auna launin fitila da wani ma'auni mai suna kelbin: ampul na ɗaki mai haske rawaya yana wajen 2700, hasken rana tsaka wajen 5500 zuwa 6500, fitilar murjani kuwa daga 10000 zuwa 20000. Saboda haka ampul ɗin da ake saye a Kasuwar Dole, kome hasken da yake yi wa ɗaki, ba zai ciyar da murjani ba. Sai dai ya haifar da koren gansakuka ta rufe gilashi. Haka kuma yawan wat da aka rubuta a kwali yana nuna kuran da fitila ke sha ne, ba hasken da ke isa gindin ruwa ba.

A da masu wannan kiwo sun dogara ga dogayen fitilun neyon da wasu manyan ƙwayaye masu zafi ƙwarai. Neyon yana raunana, sai an sake shi kusan kowace shekara, manyan ƙwayayen kuma suna dafa ruwan ƙaramin akwati. Abin da ya sake al'amarin shi ne shuɗiyar fitilar LED, wadda masana uku ƴan asalin Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, suka ƙago a farkon shekarun 1990, har aka ba su kyautar Nobel a 2014. Daga wannan aiki nasu ne aka sami farar fitilar tocila da ta wayar salula da ke hannun kowa. Tana shan kuran kaɗan, tana aiki dubban sa'o'i, ana kuma iya rage ƙarfinta ko ƙara shi.

Wanda ke da tsohon akwati ba lalle ne ya jefar da murfinsa ba. Akan cire neyon da na'urarsa, a ɗaura farantin alminiyom, a manna jerin LED shuɗi da fari a jikinsa, shuɗin ya rinjaya. Farantin nan wajibi ne, domin LED ba ta watsa zafi cikin ruwa, amma bayanta yana ɗaukar zafi, in bai sami mafita ba ta mutu da wuri. Sai a sa gilashi tsakaninta da ruwa, don gishiri yana cin waya, a kuma aje na'urar rage kuran nesa da laima.

Wani kuskure da ke kashe murjani yana zuwa ne ranar da aka kunna sabuwar fitila. Mai akwati yana ɗoki, ya buɗe ta duka, alhali dabbar ta yi watanni ƙarƙashin neyon da ya gaji. Abin da ya kamata shi ne a fara da rabin ƙarfi ko ƙasa da haka, a riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan cikin makonni, ana kunnawa sa'a 8 zuwa 10 a yini, lokaci ɗaya kullum. Murjani mai laushi a sa shi ƙasa, mai tauri a sama kusa da haske.

Ko ana iya wannan kiwo a Damagaram, inda teku ke nesa da kusan kilomita 1000? Gaskiya da wuya. Murjani yana son ruwa mai ɗumin digiri 24 zuwa 27, ga shi a Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a inuwa. Ƙarin digiri 1 kawai bisa abin da ya saba, in ya daɗe makonni, ya isa ya farar da shi; abin da ya faru ke nan a tekunan duniya a 1998 da 2010, da 2014 zuwa 2017, da kuma 2023 zuwa 2025. Fanka tana sanyaya ruwa, amma tana busar da shi, gishirin da ya kamata ya tsaya giram 35 cikin litar guda sai ya hau, dole kullum a ƙara tataccen ruwa marar gishiri, a garin da ya daɗe yana fama da ƙarancin ruwan sha.

Ga kuma ɗaukewar kuran. Jama'a ba su manta da yadda Najeriya ta yanke wa Nijar wuta daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024 ba. A irin wannan hali fitila ba ita ce ta farko ba: murjani yana jure duhun kwana biyu ko uku, kamar yadda yake yi a teku lokacin hadari, amma in famfon da ke motsa ruwa ya tsaya, iska ta ƙare cikin sa'o'i kaɗan. Saboda haka mai pano da bateri ya fara haɗa famfo da fanka, sa'an nan fitila. Yawancin waɗannan kaya ana samun masu aiki da bolt 12 ko 24, waɗanda ake iya jona su ga bateri.