Zaɓen Manhajar Karɓar Kuɗi ga Masu Ba da Hayar Masaukin Shafukan Intanet

Duk kamfanin da ke ba da hayar masaukin shafukan intanet, da zarar abokan cinikinsa sun kai ɗaruruwa, ba zai iya bin kuɗinsa da littafi da biro ba. Dalili ke nan da ya sa irin waɗannan kamfanoni suke dogara ga manhajar da ke aika wa abokin ciniki takardar biyan kuɗi, ta buɗe masa gurbi a babbar kwamfutar kamfanin da zarar ya biya, ta yi wa shafinsa rajistar suna, kana ta dakatar da shi idan wa'adinsa ya cika bai sabunta ba.

Fitacciya cikin waɗannan manhajoji ita ce WHMCS, wadda aka ƙirƙiro a Ingila. Sai dai a shekarar 2021 masu ita suka sauya tsarin farashi, inda kuɗin lasisi na wata-wata ke ƙaruwa gwargwadon yawan abokan cinikin kamfani. Tun a 2019 manhajar cPanel, wadda akasari ake haɗa su aiki, ta ɗauki irin wannan mataki.

A nan ne matsalar ɗan kasuwar Nijeriya take, domin da dala yake biyan lasisi, alhali kuwa da naira ake biyan sa. Kafin Babban Bankin Nijeriya ya saki farashin naira a watan Yunin 2023, dala ɗaya tana kimanin naira 460 a hukumance. A cikin 2024 ta haura naira 1,500. Ke nan lasisin dala 50, alal misali, ya tashi daga naira 23,000 zuwa fiye da 75,000 a wata, ba tare da an ƙara ko da abokin ciniki ɗaya ba.

Akwai wasu hanyoyin. Blesta tana sayar da lasisin mallaka na biya ɗaya, ko da yake sabuntawa tana da nata kuɗin. FOSSBilling kuwa kyauta ce, amma tilas kamfani ya tanadi ƙwararren da zai riƙa kula da ita, wanda shi ma albashi ne.

Baya ga farashi, wajibi ne a tabbatar manhajar tana aiki da hanyoyin biya na cikin gida irin su Paystack da Flutterwave, tana iya rajistar sunaye masu ƙarewa da .ng waɗanda ƙungiyar NiRA ke kula da su, kuma tana lissafa harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari.

Haka kuma, kwafin sata da ake rabawa kyauta babban haɗari ne, domin sau da yawa akan dasa masa kafar da ɓarayi za su shiga. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa kamfani alhakin tsare bayanan abokan cinikinsa. Araha, in ji Hausawa, ba ta ado.

Abu na ƙarshe shi ne mafita. Ƙaura da dubban takardun biya daga wata manhaja zuwa wata aiki ne ja, kuma kuskure kaɗan kan sa a rufe shafin wanda ya riga ya biya. Saboda haka, kafin a sa hannu, ya kamata ɗan kasuwa ya lissafa abin da lasisin zai ci idan cinikinsa ya ninka ko dala ta sake tashi, ya kuma gwada kwashe bayanansa tun yana da 'yan kaɗan.