Abin da Jini ke Faɗa Bayan Fiɗar Dajin Hanji

Tambayar da dangin majinyaci suka fi yi wa likita, sa'ad da ya fito daga ɗakin fiɗa bayan ya yanke sashen babban hanjin da ciwon daji ya kama, ita ce ko an cire ciwon duka. Amsar gaskiya kuwa, wadda mai amana ba zai ƙetare ta ba, ita ce an cire abin da ido ya gani da wanda hannu ya taɓa, amma abin da ya riga ya sulale cikin jini, wannan wata mas'ala ce dabam. Tun zamanin Andalus, likitan fiɗa Abul Ƙasim Zahrawi ya yi nuni da cewa wuƙa tana amfani ne muddin ciwon yana ƙarami, ana iya tumɓuke shi gaba ɗaya.

A shekarar 1869 wani likita a Ostareliya, Thomas Ashworth, ya duba jinin wani mutum da daji ya kashe, ya ga waɗansu ƙwayoyi a ciki masu kama da na ƙullutun da ke jikin mamacin. Bayan shekara 20 Stephen Paget na Ingila ya kawo bayanin da kowane manomi a Urno ko Buza, a ƙasar Nijar, zai gane ba tare da sharhi ba, wato ƙwayar daji iri ce, gaɓoɓin jiki kuma ƙasa, kuma ba duk inda iska ta yar da iri yake tsirowa ba. Galibin ƙwayoyin nan suna halaka cikin 'yan sa'o'i, waɗansu gudun jini ya farfasa su, waɗansu garkuwar jiki ta cinye su, har gwajin da Isaiah Fidler ya yi da ɓeraye a 1970 ya nuna cewa ko ɗaya cikin dubu ba ta kai labari. Sai dai wadda ta tsira ita ce illar. Da yake jinin hanji, bisa tsarin halitta, ta hanta yake fara ratsawa kafin ya koma zuciya, hanta ce dajin hanji ya fi yawan komawa, sannan huhu.

Kamo waɗannan ƙwayoyi aiki ne mai wuyar gaske, domin a cikin jini mililita 7.5, wanda bai cika cokali biyu na shayi ba, jajayen ƙwayoyi sun haura biliyan 30, alhali na dajin watakila ba su wuce biyu ko uku ba. Na'urar CellSearch, wadda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita don dajin hanji a 2007, tana fizgo su ne da ƙananan burbushin ƙarfe da maganaɗisu. A 2008 aka bayyana sakamakon wani bincike a kan mutum 430 waɗanda ciwon ya riga ya bazu a jikinsu: masu ƙwaya 3 ko fiye, tsaka-tsakin abin da suka rayu wata 9.4 ne, waɗanda ba su kai haka ba kuwa wata 18.5.

Game da wanda aka yi wa fiɗa da niyyar warkewa, lokacin ɗibar jinin shi ne kan magana. Taɓa ƙari da hannu a yayin aiki yana iya zubo ƙwayoyi cikin jijiya, abin da ya sa Rupert Turnbull na Cleveland ya yi kira a 1967 da a fara ɗaure jijiyoyin kafin a motsa hanjin, ko da yake gwaje-gwajen baya ba su tabbatar da fifikon wannan hanya ba. Saboda haka ƙwayar da aka gani a ranar fiɗa hujja ce mai rauni. Amma wadda aka tarar bayan kwana ɗaya ko fiye, lokacin da ya kamata a ce jiki ya share abin da aikin ya zubar, tana nuna akwai wata maɓuya da ke ci gaba da aiko su, kuma nazarin da aka tattara a 2010 ya nuna masu ita sun fi fuskantar dawowar ciwon.

A ganina wajibi ne mai karatu ya bambance alama da hukunci. Akwai wanda aka ga ƙwayar a jininsa ya rayu lafiya, akwai wanda ba a gani ba ciwon ya dawo masa, domin ƙwayar da ta sauya kama tana kuɓuce wa na'ura. Shi ya sa har a Turai malaman ɗibbu ba su yi ittifaƙi a kan a gina magani bisa wannan awo kaɗai ba. Hankalinsu ma ya fi karkata yanzu ga ɓarɓashin sinadarin gado da ƙarin yake zubarwa cikin jini. A wani gwaji na Ostareliya da aka bayyana a 2022, mai mutum 455, bin wannan awo ya rage masu karɓar maganin daji bayan fiɗa daga kashi 28 cikin ɗari zuwa 15, ba tare da dawowar ciwon ta ƙaru ba.

Mutumin Urno da ya ga jini a bayan gida, ko cikinsa ya rikice tsakanin zawo da taurin bayan gida yana ramewa, galibi basir zai ce, ya nemi sassaƙe, watanni su shuɗe kafin ya isa likitar Madawa, daga can a tura shi Galmi, ko Tawa, ko Maraɗi, ko Yamai mai nisan kimanin kilomita 500, inda Cibiyar Ƙasa ta Yaƙi da Kansa ta fara gashin ciwon daji a 2021. Waɗannan watanni su ne ƙwayoyin suke samu suna tafiya. Idan Allah ya sa an yi fiɗar, abin da ya fi kusa da hannunsa shi ne a kai naman da aka cire awo, a duba kaluluwar da ke kewaye da hanjin, aƙalla 12, domin idan ciwon ya shige su ana fara magani cikin mako 6 zuwa 8. Bayan haka sai awon jini na CEA, wanda aka gano asalinsa a Kanada tun 1965 kuma ya fi na ƙwayoyin araha nesa ba kusa ba, duk wata 3 zuwa 6, tare da hoton hanta da leƙa hanji bayan shekara guda, kasancewar mafi yawan dajin da zai dawo cikin shekara 3 na farko yake bayyana, kuma wanda aka riska a hanta yana ƙarami, sau da yawa ana iya sake yanke shi.