Sikizofireni: taɓin hankalin da ake ɗora wa iskoki, alhali yana da magani a asibiti

A tashoshin mota da bakin kasuwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, ba a rasa mutum cikin tsumma yana tafe yana magana shi kaɗai. Mutane kan ce «mahaukaci ne», su wuce. Wasu da yawa ba a ganinsu, suna kulle a ɗaki, wani lokaci da mari a ƙafa. Da dama daga cikinsu suna fama ne da wata cuta ta ƙwaƙwalwa da likitoci ke kira sikizofireni. Cutar tana da magani, amma sau da yawa sai an ɓata shekaru kafin a kai marar lafiya inda maganin yake.

Wace irin cuta ce?

Wani likita ɗan ƙasar Suwizalan, Eugen Bleuler, shi ne ya raɗa mata wannan suna a shekarar 1908. Cuta ce da ke dagula yadda ƙwaƙwalwa ke bambance abin da ke faruwa a zahiri da abin da ita kanta ta ƙirƙiro. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta fitar a 2022 sun nuna cewa mutane kimanin miliyan 24 ne ke da ita a duniya, wato mutum 1 cikin 300. Ba ta zaɓen ƙabila, addini ko arziki. Takan fara ne daga ƙarshen shekarun balaga zuwa wajen shekara 30, kuma takan bayyana da wuri ga maza fiye da mata. Ke nan tana kama mutum daidai lokacin da yake lise ko jami'a, ko yana koyon sana'a, ko yana shirin aure.

Alamomin da ake gani

Alamar da aka fi sani ita ce jin muryoyi. Marar lafiya yana jin ana kiransa, ana zaginsa, ko ana ba shi umarni, alhali babu kowa a wurin. Ba ƙarya yake yi ba: yana jin muryar kamar yadda kake jin ta maƙwabcinka. Ta biyu ita ce riƙe wani tunani da babu hujjar da za ta raba shi da shi: ana sa masa guba a tuwo, da shi ake magana a rediyo, ƴan uwansa sun haɗa baki za su kashe shi. Ta uku, magana ta rikice, ya kama wannan zance ya saki, ba kai ba gindi.

Akwai kuma alamomin da ba su da hayaniya, waɗanda sau da yawa su ne ke fara zuwa. Yaro mai fara'a ya daina zama da abokai, ya daina wanka, ya kwana ido biyu, karatunsa ya lalace, fuskarsa ba dariya ba fushi. A gida akan ɗauka lalaci ne ko girman kai, a yi ta yi masa faɗa na tsawon watanni.

Ba kowane rikicewar hankali ne sikizofireni ba

Likita ba ya yanke hukunci a rana ɗaya. Sai alamomin sun ɗauki aƙalla wata guda, an kuma tabbatar ba wata cuta ce ta haddasa su ba, domin akwai masu kama da ita.

Wani kan rikice farat ɗaya, sau da yawa bayan wani babban tashin hankali, ya dawo daidai cikin kwanaki ko makonni. Mace mai jego kan rikice a makonni 2 na farko bayan haihuwa. Wannan na samun mace 1 zuwa 2 cikin haihuwa 1000, kuma yana buƙatar asibiti a ranar, don kare uwa da jariri. Tabar wiwi da wasu ƙwayoyi kamar tramol suna iya jawo jin muryoyi da zargin mutane. Idan kuwa surutai sun zo tare da zazzaɓi mai zafi, sanƙarewar wuya ko jijjiga, to ana iya zargin zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa ko sanƙarau. Nan jinkirin sa'o'i kaɗan na iya cin rai.

Me ke kawo ta?

Babu dalili guda ɗaya. Gado na da hannu: idan ɗaya daga cikin iyaye na da cutar, kusan yaro 1 cikin 10 ne ke kamuwa, wato 9 ba sa kamuwa. Ko tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya, idan ɗaya ya kamu, ɗayan yakan tsira a kusan rabin lokuta. Wahalar haihuwa, rashin abinci mai gina jiki ga mai ciki, baƙar azaba a ƙuruciya da yawan shan wiwi tun ana matashi duk suna ƙara haɗarin. A cikin ƙwaƙwalwa kuma, wani sinadari mai kai saƙo da ake kira dofamin yana aiki fiye da ƙima a wasu sassa, sai abin da bai taka kara ya karya ba, kamar kallon wani mai wucewa, ya zama wa marar lafiya babban saƙo.

Magani da sharuɗɗansa

A 1952, a asibitin Sainte-Anne na birnin Paris, likitoci Jean Delay da Pierre Deniker suka nuna cewa maganin da ake sayarwa da sunan Largactil yana kwantar da wannan cuta. Haldol ya biyo baya daga Beljiyam a 1958, daga baya aka samu sababbi irin su risperidone. Dukkansu suna rage ƙarfin dofamin. Barci da natsuwa kan dawo cikin kwanaki, amma muryoyi da zargi sukan ɗauki makonni kafin su lafa. A cewar OMS, aƙalla mutum 1 cikin 3 na iya warkewa sarai. Wasu kuma suna rayuwa da cutar kamar mai hawan jini, suna shan magani suna sana'arsu. Amma hukumar ta ce fiye da mutum 2 cikin 3 masu irin waɗannan cututtuka a duniya ba sa samun kulawar ƙwararru.

Babban tarkon shi ne dakatar da magani. Da an ga sauƙi sai a ce ya warke, ko kuɗin magani ya gagara, bayan ƴan watanni cutar ta dawo, kuma kowace dawowa tana barin tabo. Ƙa'ida ita ce a ci gaba da sha aƙalla shekara guda bayan alamomin sun gushe, kuma likita ne kaɗai ke ragewa. Ga mai mantuwa ko mai ƙin ƙwaya, akwai allurar da ake yi sau ɗaya a wata. Maganin na iya sa sanƙarewar jiki, rawar hannu, dalalar miyau, yawan barci ko ƙiba. Idan an ga haka, a koma wa likita ya gyara awon, kada a jefar da maganin, kada kuma a nemi madadinsa wurin masu tallar ƙwayoyi. Da azumi, a tambayi likita yadda za a sauya lokutan sha.

Malam, boka, ko asibiti?

Iyalai da yawa sukan fara da rubutu, ruƙiyya, hayaƙi ko bori, sai dukiya ta ƙare a tuna da asibiti. Addu'a ba ta hana shan magani, kuma babu likitan da zai hana iyali roƙon Allah. Abin da ke cutarwa shi ne jinkiri, duka, hana abinci da ɗauri. A rahoton da ta fitar a 2020, ƙungiyar Human Rights Watch ta samu shaidar ana ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa a ƙasashe 60. Mari ba ya kashe muryoyin da ke cikin kai, sai dai ya ƙara gyambo da tsoro. Aure ma ba magani ba ne: aurar da marar lafiya a ɓoye wa dangin abokin zama gaskiya yakan ƙare da saki da ƙarin rikicewa.

A Nijar likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne, akasarinsu a Yamai, inda sashen Pavillon E na babban asibitin ƙasa yake. Amma ba sai an fara da doguwar tafiya ba. A je CSI mafi kusa ko asibitin gunduma, a faɗi abin da aka gani da lokacin da ya fara, su duba ko su tura gaba.

Aikin iyali

Tun 1954 likita Thomas Adeoye Lambo ya nuna a Aro, kusa da Abeokuta a Najeriya, cewa masu taɓin hankali na iya karɓar magani suna zaune cikin gari tare da ɗan uwa mai kula da su. Darasin bai tsufa ba. Mutum ɗaya a gida ya riƙe maganin da ranar komawa asibiti. Kada a yi gardama da marar lafiya kan muryoyinsa, kada kuma a gaskata masa su, ya isa a ce masa: «Ni ban ji ba, amma na ga abin yana damunka.» A ba shi ƙaramin aiki, kiwo, shago ko gona, a ci abinci tare da shi, a hana yara tsokanarsa. Yawancin masu wannan cuta ba sa taɓa kowa, su ne ma aka fi zalunta. Idan ya fara maganar kashe kansa, ya ƙi ci da sha, ko ya ce muryoyin na umartarsa ya cutar da wani, a ɗauke wuƙaƙe da maganin ƙwari daga kusa da shi, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a wannan ranar.