Horon 'Yan Tsere: Da Jadawali Ko Da Sakin Mara?

Kusan kowane ɗayanmu in ya fita daga nan za a ba shi yara ya koya musu guje-guje, ko yana so ko ba ya so. Saboda haka ya kamata mu san hanyoyi biyu da masana suka bi wajen horon 'yan tsere, gama wanda bai san su ba yakan gajiyar da yara a banza.

Hanya ta fari ita ce ta jadawali, watau a rubuta aikin kowace rana tun da wuri, a riƙe agogo. Wani malamin Jamus, Woldemar Gerschler, shi ya shahara da ita. Yakan sa mutum ya yi gajeren gudu mai ƙarfi, ya ɗan huta, ya sake, har sau da yawa. Almajirinsa Rudolf Harbig ya ci mita 800 cikin minti 1 da sakan 46.6 a 1939, aka yi shekara 16 ba wanda ya fi shi. Daga baya Gerschler ya haɗa kai da likita, suka mai da zuciya ma'auni: gudu ya kai bugunta wajen 180 a minti, ba a sake tashi sai ta sauko wajen 120. In ta ƙi saukowa cikin minti ɗaya da rabi, to, aikin ya yi yawa. Ashe ko mai jadawalin ma jikin yaro yake tambaya.

Ta biyu daga Suwidin ta fito, wurin Gosta Holmer, kafin Yaƙin Duniya na Biyu. Sunanta a bakinsu wasa da sauri. Mutum ya shiga daji, ya sheƙa in ya ji ƙarfi, ya sassauta in ya gaji, ya hau tudu, ya gangara, ba mai ƙirga masa. Da irin wannan horo Gunder Hagg ya ci mil guda cikin minti 4 da sakan 1.4 a 1945. Amma fa Hagg ƙwararre ne, ya san jikinsa. Yaron aji huɗu kuwa, in aka ce masa yi yadda ka ji, malalaci zai nemi gindin bishiya, mai zuciya ya yi ta gudu har ya ji rauni.

Labarin Roger Bannister shi ya fi ba mu haske. Yana koyon aikin likita a Landan, ba shi da sarari sai lokacin abincin rana, saboda haka ya bi jadawali sosai: rubu'in mil sau 10, da hutun minti 2 tsakani. Ya yi ta rage lokaci har ya tsaya a kan sakan 61, abu ya ƙi gaba. Maimakon ya ƙara aiki, sai ya ajiye takarda, ya tafi hawan duwatsu a Sikotland 'yan kwanaki. Da ya komo sai ga shi yana yin 59. Ran 6 ga watan Mayu 1954, a Oxford, ya ci mil cikin minti 3 da sakan 59.4, shi ne mutum na fari da ya yi kasa da minti 4.

A ganinmu malami sabon hannu ya fara da jadawali, domin yara arba'in ba su biyuwa da ka, kuma rubutu ne zai nuna masa wanda ke ci gaba. Sai dai ya rubuta da fensir. Ran da zafin bazara ya tsananta, ko yara na azumi, ko wani bai daɗe da tashi daga zazzaɓi ba, a rage. A kuma koya wa kowa taɓa jijiyar hannunsa da asuba kafin ya tashi daga shimfiɗa. In bugun ya ɗara na kullum ƙwarai, ranar nan tafiya ta ishe shi. Rana ɗaya cikin mako a sake su su zaga bayan gari yadda suka ga dama, malam na biye a kan keke.