Baruch Blumberg da Rumbun Samfura: Yadda Ajiyayyen Jini Ya Tona Asirin Ciwon Hanta

1.0 Gabatarwa

A cikin wannan maƙala muna so mu jawo hankalin 'yan'uwa malamai zuwa ga wani fanni na kimiyya wanda ba mu cika tsayawa a kansa ba a azuzuwanmu, watau ajiyar samfuran jikin ɗan Adam, kamar jini da fitsari da ɗan yankin tsoka, domin binciken da za a yi nan gaba. Wurin da ake yin wannan ajiya mun ga ya dace mu kira shi rumbun samfura, domin aikinsa bai yi nisa da na rumbun manomi ba: a zuba sa'ad da aka samu, a ɗebo ran da bukata ta taso. Maimakon mu yi bayani a dunƙule, mun zaɓi mu bi sawun mutum guda, Baruch Samuel Blumberg, likita Ba'amurke wanda aka haifa a New York ran 28 ga Yuli 1925, ya rasu ran 5 ga Afrilu 2011. Abin da za mu nuna shi ne, mutumin nan ya gano abin da bai fita nema ba, kuma ajiyar da ya yi ce ta ba shi wannan sa'a.

2.0 Tambayar da ya fita da ita

A 1950, yana ɗalibin likita a Jami'ar Columbia, Blumberg ya yi 'yan watanni a asibitin Moengo, wani garin masu haƙar ma'adini a ƙasar Suriname ta Kudancin Amurka. Ma'aikatan wurin daga asali daban-daban suka fito, akwai jikokin 'yan Afirka, da na Indiya, da na Jawa, ga kuma 'yan ƙasa. Sauro ɗaya ke cizon su, amma sai ya lura cutar tundurmi ta fi kama wasu jinsuna fiye da wasu. Tambayar da ta bi shi har ƙarshen rayuwarsa ke nan: me ya sa cuta takan kama wani ta bar maƙwabcinsa?

Bayan ya sami digirin digirgir a Oxford a 1957, inda ya haɗu da Anthony Allison, sai ya ɗauka amsar tana cikin bambance-bambancen gado da ke cikin furotin na jini. A wannan shekara ya zo Nijeriya ya ɗebi jinin jama'a daban-daban, har da Fulani makiyaya, ya kuma auna jini da nonon shanunsu. Daga nan ya ci gaba da yawo, Alaska da tsibiran tekun Fasifik da sauransu, abokan aiki kuma suna aiko masa da samfura daga ƙasashen da bai taka ba. Ko wanne samfur akan tace ruwan jinin, a rubuta inda aka ɗebe shi da jinsin mai shi da shekarunsa, a daskarar da shi. Wannan rubutu, wanda ɗalibai kan raina, shi ne rabin darajar rumbun. Kwalbar jinin da ba a san daga ina ta fito ba, ba ta da amfani ga mai bincike ko kaɗan.

3.0 Antijin na Ostireliya

Dabarar da Blumberg da Allison suka yi amfani da ita tana da sauƙin fahimta. Majinyacin da aka yi wa ƙarin jini sau da yawa, alal misali mai cutar rashin daskarewar jini, jikinsa ya gamu da furotin na mutane masu yawa. Idan akwai wanda bai gada ba, jikin zai ɗauke shi baƙo, ya ƙera masa makami, wanda ake kira antibodi. Shi kuwa baƙon abin da ya jawo ƙera makamin, antijin ake ce da shi. Saboda haka jinin irin wannan majinyaci ya zama ma'auni. Akan zuba agar, wani abu mai kama da kafaffen kunu, a kan gilashi, a huda rami a tsakiya da wasu ramuka kewaye da shi. A sa jinin majinyacin a tsakiya, a sa samfuran rumbu a gefe. Ruwan kowane rami yakan tsiyaya a hankali cikin agar ɗin, in antibodi ya gamu da antijin nasa sai wani farin layi ya bayyana tsakaninsu.

A 1963, a Cibiyoyin Kiwon Lafiya na Ƙasa na Amurka, Blumberg da wani matashin likita, Harvey Alter, suka ga irin wannan layi tsakanin jinin wani majinyaci na New York da samfur guda daga cikin 24 da suka jera. Samfurin na wani ɗan asalin Ostireliya ne, shi ya sa suka raɗa wa abin suna antijin na Ostireliya, suka buga sakamakon a 1965.

A nan ne rumbun ya yi aikinsa. Da Blumberg ba shi da ajiya, da sai ya shafe shekaru yana zagaya duniya kafin ya san inda wannan antijin yake da yawa. Amma firiza kawai ya buɗe. Ya iske a cikin Amurkawa masu lafiya da ƙyar a sami mutum 1 cikin 1,000 mai ɗauke da shi, alhali kuwa a wasu sassan Asiya da Afirka da tsibiran Fasifik abin ya yawaita ƙwarai. Ya kuma same shi da yawa a jinin masu sankarar jini. Hasashensa na farko shi ne, antijin ɗin gado ne, mai yiwuwa kuma yana da alaƙa da sankarar. Hasashen bai tabbata ba. Masu sankarar suna ɗauke da shi ne saboda yawan ƙarin jinin da ake yi musu.

Gaskiyar ta fara bayyana a 1966, bayan ya koma Cibiyar Binciken Sankara ta Fox Chase a Filadalfiya. Wani majinyaci mai lalurar haihuwa da ake kira Down, wanda gwajin farko ya nuna ba shi da antijin ɗin, sai aka same shi da shi a gwaji na gaba. Abin gado kuwa ba ya fitowa rana tsaka. Da aka auna hantarsa sai aka ga ta kumbura. A 1967 suka buga cewa antijin ɗin yana tafiya da ciwon hanta, Alfred Prince a New York da Kazuo Okochi a Jafan suka tabbatar a 1968, sa'an nan David Dane ya ga cikakkiyar ƙwayar cutar a Landan a 1970. Ashe antijin na Ostireliya ɓawon bairos ɗin ciwon hanta nau'in B ne.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Aka fara gwada jinin da za a ƙara wa majinyata. Blumberg da Irving Millman suka tsara hanyar yin rigakafi daga ɓawon ƙwayar a 1969, aka amince da allurar a Amurka a 1981. Ya karɓi kyautar Nobel a 1976. Nijeriya ta shigar da allurar cikin rigakafin yara a 2004, kuma ranar haihuwarsa ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta zaɓa ta zama ranar ciwon hanta. Duk da haka hukumar ta ƙiyasta mutum miliyan 254 ke ɗauke da cutar a 2022.

4.0 Tasirinsa a kan ajiyar samfura

A ganinmu babban magajin Blumberg a wannan fanni shi ne Alter. Ya yi shekaru yana bin majinyatan da aka yi wa ƙarin jini, yana ajiye jininsu kafin ƙarin da bayansa. Da wannan ajiya ya nuna a tsakiyar shekarun 1970 cewa akwai wani ciwon hanta wanda ba A ba ne ba kuma B ba. Sa'ad da Michael Houghton da abokansa suka gano bairos na nau'in C, aka buga a 1989, samfuran firizar Alter ne aka ɓoye sunayensu aka jarraba sabon gwajin da su. Su biyun da Charles Rice suka raba kyautar Nobel ta 2020.

Ya kamata mu lura da cewa Blumberg ya taki sa'a, domin antijin nasa ba ya lalacewa da wuri, jinin da ya shekara da shekaru a daskare yana nuna shi sarai. Ba kowane sinadari ke da wannan juriya ba. Awannin da jini ya yi a kan tebur kafin a tace shi, da yawan narkewa da sake daskarewa, duk suna canja abin da za a auna, har mai bincike ya zaci ya ga alamar cuta alhali ɓarnar ajiya ya gani. Nazarin waɗannan abubuwa ya zama fanni mai zaman kansa. Shi ya sa manyan rumbuna ke ajiya a sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri, ko cikin ruwan naitirojin mai digiri 196 ƙasa da sifiri. Wanda ya san halin wutar lantarki a ƙasarmu ba ya bukatar mu yi masa ƙarin bayani.

Saura batun izini. A zamanin da Blumberg ya fara yawo, ba al'ada ba ce a nemi rubutacciyar yardar mutum kan binciken da za a yi da jininsa bayan shekaru. Yau ba a lamunta da haka. Ƙabilar Havasupai ta Amurka ta kai Jami'ar Jihar Arizona ƙara saboda an yi amfani da jinin da suka bayar domin ciwon sukari a wasu bincike na daban, a 2010 aka biya su diyya aka mayar musu da samfuran. Shirin H3Africa kuwa, wanda aka ƙaddamar a 2010, ya kafa rumbuna a Nijeriya da Yuganda da Afirka ta Kudu domin samfuran 'yan Afirka su zauna a Afirka.

Wahalar ita ce, amfanin rumbu ya rataya ne a kan tambayoyin da ba a riga an yi su ba, kamar yadda labarin antijin na Ostireliya ya nuna, izini kuwa yana bukatar a gaya wa mutum abin da za a yi. Ma'aikacin lafiya da ya tsaya gaban makiyayi a rugarsa, tilas ya sami kalmomin Hausa ko na Fulatanci da za su bambanta masa "a gwada jininka" da "a ajiye jininka", su kuma sanar da shi yana da ikon janye yardarsa daga baya. Muna roƙon kwamitin fassara kalmomin kimiyya na wannan taro ya sa waɗannan cikin jerin da zai duba, tare da rumbun samfura, da antijin, da antibodi.