Daga Juji Zuwa Gona: Sama wa Takin Shara Kasuwa



Batunmu a yau shi ne takin da ake yi da ɗanyar shara, watau ganyaye da ɓawon kayan marmari da ragowar kayan miya da rassan da aka sare. Haɗa wannan taki ba shi da wuya ƙwarai. Wuyar ita ce samun wanda zai ciro kuɗinsa ya saya, ya kuma dawo baɗi.

Wannan ciniki ba baƙo ba ne a Kano. A shekarun 1960 Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello, ya bayyana yadda manoman karkara ke shigo da itace birni bisa jakuna, su koma da mangaloli cike da toka da kashin dabbobi da sharar gida. Da haka ne gonakin da ke kewaye da ganuwa suka jure noma shekara da shekaru ba hutu. Daga baya leda ta zo ta gauraye da juji. Manomin da ya sayi taki mota guda, ya yini yana tsintar leda da fasassun kwalabe, da ƙyar zai sake saye.

Saboda haka sharaɗin farko shi ne tsabta. A ware ɗanyar shara tun daga tushe, a kasuwanni irin su 'Yan Lemo da 'Yan Kaba, kafin ta haɗu da tarkace. Sai a jera ta hawa hawa tare da busassun kaya kamar bunu ko ɓuntun shinkafa, a yayyafa ruwa, a riƙa juyawa. In zafin tsibin ya kai digiri 55 zuwa 65 na ma'aunin Salshiyas, yakan kashe irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. Cikin wata biyu zuwa uku takin ya nuna, ya yi baƙi, yana ƙamshin ƙasa.

Na biyu, a san ko wane ne mai saye, kuma a gaya masa gaskiya. Takin zamani na yuriya yana da sinadarin naitirojin kashi 46 cikin 100, takin shara kuwa bai cika wuce kashi 1 zuwa 2 ba. Wanda ya tallata shi a matsayin madadin yuriya ya yaudari manomi. Amfaninsa shi ne gyaran jikin ƙasa, domin yana sa rairayi ya riƙe ruwa, ya kuma riƙe takin zamanin da aka zuba. Da yake kaya ne mai nauyi, kuɗin mota kan cinye ribarsa in tafiya ta yi nisa. To, masu sayensa na haƙiƙa su ne na kusa: 'yan lambun gefen gari, da masu renon dashen itatuwa, da masu sayar da furanni.

Rassa da ƙwaraƙwaran da suka faye kauri kuwa ba a zubar da su. A daddatsa su a shimfiɗa a gindin dashe, su zama lulluɓi. Wannan yana rage bushewar ƙasa, ya danne ciyawa, gara kuma ta ja shi ciki ta buɗe wa ruwa hanya. A ƙauye kara yana da masu jiransa, dabbobi da murhu da danga, don haka lulluɓin da ya fito daga birni ba zai rasa gurbi ba.

Na uku, ma'auni da lokaci. A tankaɗe takin, a zuba a buhu mai nauyi guda, domin mai saye ya san abin da ya biya. A tanada shi kafin faɗuwar damina saboda manoma, da kuma farkon kaka saboda 'yan noman rani.

Na huɗu ya rataya a wuyanku, ma'aikatan hukuma. Sabuwar sana'a tana bukatar mai saye tabbatacce. Gandayen renon itatuwa, da makarantu, da dashen bakin titi duk suna bukatar taki kowace shekara. In hukuma ta riƙa saye daga masu yi, ta kuma kafa ƙa'idar inganci, 'yan kasuwa za su biyo baya. Tsadar takin zamani a 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, ta nuna mana hatsarin dogaro da kayan waje kaɗai, alhali kuwa muna biyan kuɗi a kwashe mana abin da ƙasarmu ke nema.